Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ranar da Muka Kaɗa Ƙuri'a

Makon jiya na tsaya a rufe filayen jiragen sama da aka yi a watan Maris na 2020 saboda korona. Da aka koma tashi a cikin gida a watan Yuli, sai kamfaninmu ya aiko da takardar zaftare albashi. Ina cikin waɗanda matuƙa suka tura zaman sasantawa, tare da wakilan ƙungiyarmu ta matuƙa da injiniyoyi, NAAPE.

Ragin bai dame ni ba, kowa ya ga jirage a ajiye. Abu biyu na kafe a kai: a rubuta ranar da albashi zai dawo, kuma kamfani ya ci gaba da biyan kuɗin gwajin similato, wato na'urar kwaikwayon tuƙin jirgi, da muke yi duk wata shida, galibi a ƙasar waje, da dala. Matuƙin da gwajinsa ya wuce lokaci ba shi da ikon hawa kujera. Wakilan kamfani suka ce ranar dawo da albashi "sai hali ya yi".

Marigayi Baba, in mun yi cacar baki da Yaya a zaurenmu na Kwarbai a Zariya, ba ya ɗaga murya. Sai dai ya ce, "Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga." Wannan maganar na faɗa wa matuƙa ana gobe ƙuri'a kan yarjejeniyar ragin albashin. Ashe bangon ya riga ya tsage.

Mutumin da ya tsaga shi ɗaki ɗaya muka kwana a kwalejin tuƙin jirgi ta Palladan. Ranar da na fara tashi ni kaɗai, shi ya fara sheƙa mini ruwa ina saukowa. Inna da hannunta take zuba masa tuwo ranar Juma'a. Shi ne ya bi yara mataimakan matuƙa da waya cikin dare, masu bashin horo a wuya, yana ce musu duk wanda ya ƙi yarjejeniyar sunansa na cikin na kora. Yaran ban ga laifinsu ba, wallahi. Ɗaya ya kira ni murya na rawa: "Kyaftin, ka yafe mini, matata na da tsohon ciki."

Aka ƙirga, masu amincewa suka rinjaye mu da kaɗan. Na sa hannu tunda wakili nake, biron ma aro na yi, nawa ya ƙi rubutu. Ba a yi wata uku ba aka ba mutumin nan muƙami a ofis.

Hajiya takan ce in bar zancen, tunda na ajiye aiki na dawo Zariya lafiya. Na bari, amma maganar Baba ba ta bar ni ba. Bara muka haɗu da mutumin nan a wata jana'iza a Tudun Wada. Ya miƙo hannu, na ba shi. Ya ce, "Kyaftin, ya iyali?" Na ce lafiya lau, na juya neman takalmina.