Bayanin da ke cewa "duba suna" kawai

Jiya a ofishinmu na Barnawa, wata mai koyon aiki ta so buɗe reshe (wato layin aiki na daban) mai suna gyara/shafi a Git, manhajar da ke adana tarihin sauye-sauyen fayiloli, alhali akwai wani reshe mai suna gyara. Git ya ƙi. A al'ada yana ajiye reshe a matsayin fayil cikin .git/refs/heads, gyara/shafi kuwa na buƙatar gyara ya zama folda, kuma suna ɗaya ba ya zama fayil ya sake zama folda.

Sai na leƙa manhajarmu mai irin wannan binciken. Bayanin da aka rubuta a saman layukan da ke yin binciken, "duba suna" kawai ya ce. Duba me, don Allah? Na sake rubuta shi: wane karo ake gudu, da misalin nan na gyara, da gargaɗin cewa a Windows Gyara da gyara kan iya zama fayil ɗaya. Layukan da ke aikin kuwa ban taɓa su ba.