Hadiza Gabon da Innarmu

Jiya da dare zafin Sakkwato ya kore mu tsakar gida a Mabera, muka shimfiɗa tabarma muna kallon fim a waya. Hadiza Gabon ta fito a matar gida mai kishi, Inna ta dinga tsaki tana cewa, "Wagga ɗiya ba ta da kunya!" Da muka sa wani, sai ga ta talaka abar tausayi, Innar nan dai har da share hawaye da bakin zane.

Abin da ke burge ni da Hadiza ke nan. Wasu jaruman Kannywood fuska ɗaya suke da ita, ko attajira ko 'yar ƙauye duk tafiyar ɗaya ce. Ita kuwa har muryarta da yadda take ɗaura ɗankwali sauyawa suke yi. Barkwancinta ma ya fi kukan kama ni, gaskiya.

Kuma ku tuna a Libreville ta ƙasar Gabon aka haife ta, inda Faransanci ne harshen hukuma, amma ji yadda take murza Hausa in faɗa ya kaure!

Inna dai har yanzu ba ta yarda mutum ɗaya ce ba.