Bashin Fatu 12

Ina ɗan shekara 23 na fara dukanci, ina ɗinka jaka da takalmi da jar fatar akuyar Sakkwato. Jarina bai taka kara ya karya ba, sai wani dattijo majemi ya riƙa ba ni fata bashi, in na sayar in kawo. Wata rana na ɗauki fatu 12, na ce bari in rubuta. Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ni da kai sai takarda? In ka samu ka kawo." Na ji daɗin maganar, na mayar da biro aljihu. Alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take.

Na kuwa samu. Kafin Babbar Sallah kaya sun ƙare, kuɗin suka tafi ga sabuwar waya da ɗinkin shadda da toshi. Na koma sake hanya don kada in bi ta ƙofar gidansa. In muka yi kiciɓis a masallaci in ce, "Baba, ina nan tafe." Shi kuma ya ce, "Allah shi kawo ka." Bai taɓa ƙara ko kalma ba.

Zazzaɓin kwana biyu ya yi. Da hantsi aka ce ya rasu, bayan azahar an yi masa wanka, an sa likkafani, an ɗora a makara. Kafin liman ya yi kabbara ya juyo ya ce duk mai bin marigayi bashi, ko wanda marigayi ke bi, ya samu iyalansa. Ina sahu na biyu, ban ce uffan ba. Duk faɗin wurin ba wanda ya san zancen sai ni da wanda ke kwance cikin farin ƙyalle. A maƙabarta aka kwantar da shi kan damansa yana fuskantar alƙibla, aka jera itace, aka yaɓe da laka, ni ma na sa hannu na tura ƙasa.

Ƙannena, ba jahilci ya ja mini ba. Tun a zauren malam na ji cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya, kuma shahidi ma ana gafarta masa komai ban da bashi. Na ɗauka karatun tsofaffi ne. Kullum ina wuce Hubbaren Shehu, wanda ke kwance nan tun 1817, ban taɓa jin abin ya shafe ni ba. Ko a 2006 da Sarkin Musulmi Maccido ya rasu a hatsarin jirgi, garin nan na Sakkwato ya girgiza, jimamin kwana uku na yi na koma ɗinki.

Sai da na kusa shekara ina fama da kunya kafin na tunkari babban ɗansa. Lokacin an riga an raba gado, kuɗin sun zama haƙƙin magada: matarsa da tumuninta, wato kashi ɗaya cikin takwas, namiji da rabon mata biyu. Malami muka samu ya lissafa, na bi su ɗaya bayan ɗaya, har Wurno inda 'yarsa ke aure. Duk sun karɓa, sun ce sun yafe. Amma jinkirin mai hali zalunci ne, haka Annabi (SAW) ya faɗa, kuma wanda na yi wa jinkirin ba ya nan balle in durƙusa in ce, "Baba, ka yafe mini."

Don haka ku rubuta, ko bashin katin waya ne, ko da mai kayan ya ce ba komai, ku kuma sanar da wani a gida. Hadisi ya ce bai kamata mai abin yin wasiyya ya kwana biyu ba tare da ita a rubuce ba, bai kuma ce sai mai furfura ba. Nawa littafin yana cikin akwatin keken ɗinki, uwargida ta san wurin. Daren jiya na buɗe, saura mai shayin bakin layi, naira 700.