Yadda na bi sawun waƙar faretin Kawu har Sikotlan

Tun ina yaro akwai wani sauti da ya maƙale min a kai, ranar da aka yi wa Kawu faretin sallama daga aikin soja ƴan badujala suka busa shi a hankali, na ga ƙaton mutum yana share hawaye. Ni duk zatona kiɗan barikin soja ne kawai. Sai da karatu ya kawo ni birnin Gilasgo na ƙasar Sikotlan, daren shiga sabuwar shekara da suke cewa Hogmanay na ji mutane sun riƙe hannun juna suna rera shi, nace kai, ashe waƙar Kawu tana da gari! Sunanta Auld Lang Syne, wato kamar kace don tuna zamanin da.

Da hutu ya zo na hau jirgin ƙasa zuwa Ayr, bai kai awa ɗaya ba, daga nan bas zuwa ƙauyen Alloway inda aka haifi mawaƙinsu Robert Burns, wanda ake danganta waƙar da shi, a 1759. Gidan nan ne har yau, ɗan ƙarami mai rufin ciyawa, ɗakin dabbobi manne da na mutane. Ruwa kuwa ranar ba a magana, lemar da na saya a tasha ko kwana bata yi ba iska ta juye ta. Abin da ya fara ɗaure min kai shine shi Burns ɗin bai ce waƙarsa bace. A 1788 ya rubuta ta a wasiƙa zuwa ga wata Misis Dunlop yana cewa tsohuwar waƙa ce, daga baya ma yace a bakin wani tsoho ya ji ya rubuta. To wane tsoho? Ko sunansa bai faɗa ba. Ni dai ina zargin mutumin nan ya zuba nasa baitocin ya laƙaba wa tsoho, amma farkon waƙar kam ya girme shi, akwai makamancinsa a wani kundi da aka buga tun 1711.

Washegari na wuce Edinbura, babban laburaren ƙasa dake kan George IV Bridge, tare da wata ƴar ajinmu mai goga molon Turawan nan, don ni takardar kiɗa da layukanta biyar-biyar da ɗige-ɗige kamar kashin ƙuda nake ganinta. Muka nemi littafin waƙoƙi mai suna Scots Musical Museum na wani James Johnson, kundi 6 waƙoƙi 600, tamu tana cikin na 5 wanda ya fito a 1796, shekarar da Burns ya rasu, bai ma ga fitowarta ba Allah sarki.

Ta duba takardar ta matso kusa da kunnena tana ɗan guna-guni saboda ba a hayaniya a wajen. Nace mata ke kin ɓata hanya, ba shi bane. Tace ai abin da ke rubuce take karantawa. Wallahi wani sauti ne daban, mai sanyi, irin na mutum ɗaya zaune bakin murhu yana tuna abokinsa, ba na fareti ba sam. Ashe sautin da duniya ta sani wani mai tattara waƙoƙi George Thomson ne ya haɗa shi da baitocin a 1799, bayan mai waƙar ya shekara 3 a ƙasa.

Ashe ma duk an ɗora kundin a intanet kyauta, da ina ɗakina zan gani, kuɗin jirgi dai sun tafi. Da muka fito na sa ta sake rera tsohon a bakin titi na ɗauka a waya na tura wa Kawu ta WhatsApp. Can da daddare ya turo murya yace ɗana wannan ba namu bane, ka koma ka duba da kyau.