Kafin ka kwafi lamba, nemo inda ta fito

Ƙannena masu shirin rubuta kundin kammala digiri a fannin ƙirar injuna, na san da yawanku da zarar an ba ku batun aiki sai ku nufi ɗakin da ake jibge tsofaffin kundaye na sashe, ku zaro na wanda ya taɓa yin injin ɓarar gyaɗa ko na niƙa, ku hau kwafar lissafi. Ni ma ta nan na bi, kuma ina so ku ji abin da ya biyo baya.

Injin sussukar masara aka ba ni. Da na zo lissafin kaurin shaf, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a cikin injin, sai na ɗauki 530 megafaskal (ma'aunin ƙarfin ƙarfe) a matsayin nauyin da nau'in ƙarfen da ake kira AISI 1045 ke ɗauka kafin ya fara lanƙwasa, don na ga lambar a kundaye da dama. A tunanina, tunda mutane da yawa sun rubuta ta, ai ta tabbata. Ashe daga juna suka yi ta kwafa. Sai daga baya na buɗe teburin da ke ƙarshen littafin Shigley na ƙirar sassan inji, na tarar 530 ɗin na ƙarfen da aka ja da sanyi ne, wanda aka murza da zafi kuwa 310 ne kacal. Suna ɗaya, ƙarfi daban. Sandar da muka sayo a wurin 'yan gwangwan ma babu wanda zai rantse 1045 ce.

Shaf ɗin ya tsinke daidai tsagar da aka yi masa don makullin fuli. Mai waldar da ya taya mu haɗa injin ya juya guntun a tafin hannunsa, ya nuna mini fuskar karayar: rabi sumul da layi-layi a jere, rabi kuma kaushi. Ya ce tsagar ta daɗe tana ci, ba ranar ta fara ba. Gaskiyarsa. Wannan ita ce gajiyar ƙarfe, wadda August Wöhler ya bincika a kan gatarin ƙafafun jirgin ƙasa a Jamus tun tsakiyar ƙarni na 19. Shaf mai juyawa sau 700 a minti yakan haura juyi miliyan ɗaya a kwana guda, kuma kowane juyi lanƙwasa ne da miƙewa. Abin da ƙarfe ke iya jurewa a irin wannan hali kusan rabin ƙarfin tsinkewarsa ne, kafin ma a rage saboda kaushin fata da tsaga da kwana. Duk wannan yana cikin babi guda na littafin da ke laburare, ban buɗe ba.

Saboda haka ku sauya tsarin nema. Ku fara da littattafan da aka yi don mai aiki. Machinery's Handbook tun 1914 ake buga shi, zare da giya da gwajin shiga tsakanin rami da sanda duk suna ciki. Littafin Roark kuma na lissafin matsi da lanƙwasa ne. Ko tsohon bugu kuka samu, ku riƙe shi, amma ku lura da ma'auni: littattafan Amurka da yawa da inci da fam suke aiki, kuma ksi ɗaya, wato fam dubu a kan kowane murabba'in inci, kusan megafaskal 6.9 ne. Kada ku raina wannan. A 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter saboda wani ɓangare ya yi lissafi da fam, ɗayan ya karanta da niyuton.

Bayan su sai kundin kayan kamfanoni, wanda ɗalibai suka fi mantawa da shi, alhali kyauta ne a intanet. Kundin boris na kamfanin SKF zai gaya maka boris mai lamba 6205 raminsa milimita 25 ne, faɗinsa na waje 52, kaurinsa 15, ya ba ka nauyin da yake ɗauka da yadda za ka lissafa tsawon rayuwarsa. Haka lambar 8.8 da ke kan noti: ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 898 ce, tana nufin megafaskal 800 wajen tsinkewa, 640 wajen fara miƙewa. In ka ga H7 a zane, wato alamar iyakar sassaucin girman rami, ISO 286 za ka nema.

Sai a nan mujallu ke shigowa. Google Scholar na da amfani, amma abin da ya fi komai amfani a cikinsa shi ne wurin da ke nuna waɗanda suka ambaci takarda bayan fitowarta, domin ta nan ake gane ko wani ya gwada ya ga akasin haka. Takarda mai kyau guda, ka bi jerin madogararta baya, ka bi masu ambatonta gaba, ta fi tarin takardu da ka sauke ba ka karanta ba. Don injunan noma irin namu, ku duba AJOL mai tattara mujallun Afirka, da ayyukan cibiyar injunan noma ta NCAM da ke Ilorin da na cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru. Ku yi hattara da mujallar da ke karɓar kuɗi ta buga takarda cikin 'yan kwanaki. A irinsu ne na fi ganin lambobi marasa asali. Takardun haƙƙin ƙirƙira ma taska ne: Espacenet da Google Patents suna ɗauke da zane dalla-dalla, kuma kariyar kan ƙare bayan shekara 20.

Ma'aikacin laburare kuma ku je ku gaishe shi ku zauna. Sau da yawa makaranta na da izinin shiga rumbunan mujallu, ɗalibai ba su ma sani ba.

Ku ware littafi guda, duk lambar da za ta shiga lissafinku ku rubuta mata sunan littafi, bugu, shafi, ma'auni, da yanayin ƙarfen da ake magana a kai. Wadda kuka kasa cike mata waɗannan, ku ajiye ta gefe tukuna. Idan kuma ƙarfen na kasuwa ne marar takarda, ku kai ɗan yanki ɗakin gwaji a auna taurinsa, ko ku yi lissafi da ƙaramar lamba ku ƙara kaurin shaf.