Kunna tsohuwar laftof da wutar mota

Aikin shigar da bayanan manoma yakan kai ni ƙauyukan hanyar Kachia, inda samun wurin caji ke da wuya. Laftof ɗina tsohuwar Dell ce, batirinta ba ya riƙe wuta, don haka na koma ga batirin motata.

Batirin mota bolt 12 yake bayarwa, ya haura wajen 14 idan inji na aiki. Ita kuwa laftof ɗin 19.5 take so, haka aka rubuta a bayan cajarta. Yawancin mutane inbata suke saya: ta ɗaga wutar zuwa irin ta gida, caja kuma ta sake sauke ta. Juyi biyu ke nan, kowanne da asararsa, ga zafi, ga ƙarar fanka.

Wani mai wayarin mota a kasuwar Panteka ta Kaduna ne ya ce mini, "Malam, me zai sa ka je Zariya ta Jos? Nemi cajar mota mai ɗaga 12 zuwa 19 kai tsaye." Ita na saya. Kafin in jona, ya sa mita ya auna bakinta, ya tabbatar da bolt ɗin, ya kuma duba cewa wayoyin ba su juye ba. Wannan awon ba abin tsallakewa ba ne, don idan wayoyin suka juye, allon kayan wutar da ke cikin laftof ne zai iya ƙonewa.

Dell na da tata matsalar. Akwai siririn tsinke a tsakiyar bakin cajarta, da shi take gane irin cajar. Idan laftof ɗin ba ta gane ta ba, za ta kunnu, amma ta ƙi cika batir, ta kuma rage gudu. Sai da na nemo wadda aka yi don Dell.

Wat 65 da cajar ke bayarwa, a kan bolt 12, ya kai amf 6 idan aka haɗa da asara. Ramin kunna sigari, mai fiyus ɗin amf 10 ko 15, zai ɗauka, matuƙar filogin ya zauna daram. Mai girgiɗi yakan yi zafi har roba ta narke.

Abin da na fi kiyayewa shi ne batirin motar kansa. An yi shi ne don tayar da inji, jan wuta a hankali na sa'o'i yana kashe shi. Cikakke yana nuna bolt 12.6, da na ga ya sauko 12.2 sai in tsaya ko in tayar da mota, a fili, ba cikin gareji a rufe ba saboda gubar hayaƙi. Kuma ina zare cajar kafin in murɗa makulli, domin a lokacin wutar takan faɗi ta kuma yi tsalle. A zafin Maris da Afrilu, ƙarƙashin kujera nake ajiye cajar, nesa da gilashi.