Zalɓen da na bi a Majidun

A Haɗeja na taso, inda zalɓe ba abin kallo ba ne. Sai da na zo Legas, ina harkar albasa a Mile 12, na fara hango shi ta tagar mota a hanyar Ikorodu, yana tsaye cikin taɓo a wajen Majidun. Raina ya ce sai na gan shi kusa.

Zuwana na farko da rana tsaka na je, da farar riga, ruwa kuma ya cika maƙil. Kafin mu ƙarasa a kwale-kwale, zalɓen ya yi wani kuka mai kaushi ya tashi. Mai kwale-kwalen ya ce nan ba kogin Arewa ba ne, ruwan yana shiga yana fita tare da teku, in dawo da asuba ranar da zai janye.

Na koma da ɗana, da tufafi masu duhu. Muka laɓe gindin itatuwan nan masu saiwa a waje, sauro na cin mu. Ga shi nan, kamar taku talatin tsakaninmu. Tsayinsa ya kusa mita ɗaya, bayansa toka-toka, wuya fari da ɗigon baƙi, wani baƙin layi ya taso daga ido ya ƙare da siririn tukku a ƙeya. Baki rawaya, dogo, kamar tsinin mashi. Ƙananan ƙaguwoyi na yawo kusa da ƙafarsa, ko gezau.

"Baba, ko barci yake?"

Ban ba shi amsa ba wuyan ya ƙame, ya ɗan karkata, sai caraf! Karfasa na mutsu-mutsu a bakinsa. Ya jujjuya ta har kanta ya fuskanci maƙogwaro, don kada ƙayar bayanta ta tokare, sannan ya haɗiye. Muna kallon kumburin yana gangarawa cikin wuya.

Da ya tashi na nuna wa yaron yadda ake gane shi a sama: zalɓe naɗe wuyansa yake, ya saki ƙafafu a baya, shamuwa da gauraka kuwa miƙe wuya suke. Duk faɗin fukafukan nan da suka wuce mita ɗaya da rabi, da wuya nauyinsa ya haura kilo 2.

Watan jiya na sake komawa. Tifofi sun juye yashi a gefen da muka laɓe, za a yi gini. Abin ya tsaya mini a rai. Sai can ciki, bayan mun ƙara tuƙi mai nisa, muka same shi.